Kunne, Hannu da Jinkiri: Shaidata kan Wasannin Kiɗa da Hedifon Marar Igiya

Assalamu alaikum. Ni mai buga wasannin bidiyo ne tun zamanin da ake biyan kuɗi a gidan gem a karɓi hannun wasa, a zauna kan benci gaban tsohuwar talabijin mai doro. Kamar yawancin sa'o'ina a Kano, da ƙwallo na fara a PlayStation 2. Amma abin da ya riƙe ni har girma shi ne wasannin kiɗa, waɗanda ake kunna maka sauti, alamu suna gangarowa a allo, kai kuma ka danna daidai lokacin da bugun ya faɗi. Wannan sha'awar ce ta mayar da ni mai kwance hedifon da saita talabijin, wanda abokai ke kawo wa kayansu idan wasa ya ƙi daɗi. Shaidar da zan bayar ita ce, mafi yawan waɗanda na ji suna cewa ba su da kunnen kiɗa, ko hannunsu ya yi nauyi, lafiyarsu ƙalau. Kayan da suke wasa da su ne ke makara.

Waɗannan wasanni a Japan suka yi ƙarfi. Kamfanin Konami ya fitar da Beatmania a 1997, ya biyo da Dance Dance Revolution a 1998, wanda ake takawa da ƙafa. Namco ya kawo Taiko no Tatsujin a 2001, da gangarsa da sanduna biyu. Daga Amurka, Harmonix ya yi Guitar Hero a 2005, wanda ko ba ka da garayar robarsa kana iya buga shi da hannun PlayStation 2. A 2007 wani ɗan Ostireliya mai suna Dean Herbert ya saki osu! kyauta a kwamfuta, daga baya irin su Cytus da Arcaea suka shigo wayar hannu. Abin lura shi ne, na farkon cikinsu a akwati guda ake haɗa su: allo da lasifika da maɓallai duk kamfani ɗaya ya auna su tare. Mu kuwa a gida kowa tsintar kayansa yake, talabijin daga nan, hedifon daga can, sannan mu sa ran za su tafi tare.

Ma'aunin da ake aiki da shi a wannan harka sunansa milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wasan da ke tafiya da hoto 60 a sakan, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7. A osu!, don ka sami cikakken maki 300 a kan alama, akwai iyakar kuskuren da aka yafe maka gaba ko baya, kuma tana ƙuntata gwargwadon lambar tsananin wasan da suke kira OD: a OD 5 milisakan 50 ne, a OD 8 kusan 32, a OD 10 kusan 20 kacal. To ka ɗauko hedifon na Bluetooth irin wanda kowa ke da shi, wanda jinkirinsa kan kai tsakanin milisakan 150 zuwa 250, wani lokaci fiye. Kiɗa mai bugu 150 a minti yana da tazarar milisakan 400 tsakanin bugu da bugu. Jinkirin 200 ke nan ya ajiye ka a tsakiyar bugu biyu cif. Kamar ka hango mai faskare daga nesa ne: ka ga gatari ya sauka, sai daga baya ƙarar ta iso. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, don haka jinkirin milisakan 200 daidai yake da a ce makaɗin yana tsaye kusan mita 70 daga inda kake, alhali hedifon ɗin yana manne a kunnenka.

Ba wai Bluetooth ya lalace ba ne, haka aka gina shi. Kafin sauti ya isa kunnenka, sai na'urar ta matse shi ta hanyar abin da ake kira kodek, ta yayyanka shi, ta aika ta iska. Shi kuma hedifon ba ya kunna abin da ya iso nan take, sai ya tara ɗan kaso a ajiye, domin idan wani yanki ya ɓata a hanya a sake aiko shi ba tare da ka ji tsinkewa ba. Wannan tarawar ita ce babbar mai cin lokaci. Ga mai sauraron karatu ko labarai babu wata illa. Ga mai kallon bidiyo ma babu, domin manhajar tana jinkirta hoton ya jira sautin. Wasa ne ba ya iya jira, tunda bai san abin da yatsanka zai yi ba sai ka yi shi.

Kodek ɗin da kowane hedifon ke da shi sunansa SBC. Wayoyin iPhone suna aiki da SBC da AAC ne kawai, dukkansu masu jinkiri. Akwai aptX Low Latency da ke saukowa kusan milisakan 40, amma sai in ɓangarorin biyu, mai aikawa da mai karɓa, duk suna da shi. Idan ɗaya ba shi da shi, komawa suke kan wanda suka yi tarayya a kai ba tare da sun sanar da kai ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. A Android kana iya ganin wanda ke aiki: shiga saiti, nemi lambar Build number ka taɓa ta sau 7, sashen Developer options zai buɗe, a ciki akwai layin kodek na Bluetooth. Ƙananan iyafis masu rubutun "game mode" kuwa, rage ajiyar nan suke yi. Jinkirin yana raguwa da gaske, amma sauti ya fi saurin tsinkewa, kuma lambar da ke jikin kwali sau da yawa ta iyafis ɗin ce shi kaɗai, ba a haɗa da lokacin da wayar kanta ke ci ba.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Ga wasan kiɗa, igiya ce ta ɗaya. Hedifon mai igiya na kuɗi kaɗan ya fi mai Bluetooth mai tsada, domin jinkirinsa bai kai abin ƙirgawa ba. Na biyu shi ne marar igiya mai zuwa da ɗan makalinsa na USB, wanda ke aiki a zangon 2.4 GHz da tsarin kamfaninsa. Waɗannan kan tsaya wajen milisakan 15 zuwa 30, kuma jinkirin nasu ba ya yawan sauyawa, wanda shi ne mafi muhimmanci. Bluetooth na bar wa sauraron abin da ba ya buƙatar yatsa.

Su ma masu ƙera na'urorin wasa sun san da haka. PlayStation 4 da 5 ba sa karɓar hedifon na Bluetooth kai tsaye, sai mai makalin USB, ko ka soka mai igiya a ramin milimita 3.5 da ke jikin hannun wasan. Xbox na da nasa tsarin marar igiya daban. Nintendo Switch sai a watan Satumban 2021 ya buɗe sautin Bluetooth, shi ma da sharaɗi: ba makirfo, kuma hannayen wasa marasa igiya biyu kawai za su iya haɗuwa a lokacin. Wasu kan zagaye, su haɗa hedifon ɗin da talabijin a maimakon na'urar wasan. Sauti zai fito, amma ka tara jinkirin talabijin da na Bluetooth a wuri guda.

Talabijin ɗin ita ce rabin matsalar da ba a cika zargi ba. Tsohuwar mai doro kusan nan take take nuna abin da aka aiko mata, shi ya sa a gidan gem ba mu taɓa sanin akwai wani abu wai shi jinkiri ba. Ta bango, wadda muke kira filasma ko ma wace iri ce, sai ta gyara hoton tukuna: ta ƙara kala, ta share dishi-dishi, ta ƙirƙiro hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi. Wannan aikin na iya cin milisakan 80 zuwa sama da 100. Shiga saitin hoto ka zaɓi Game Mode, yawancin na zamani za su sauko tsakanin 10 da 20. Ka lura, a talabijin da yawa kowane ramin HDMI da saitinsa, idan ka canza rami sai ka sake. Idan sautin yana bi ta wata lasifikar waje, mayar da fitarsa kan PCM, wato sautin da ba a matse ba, domin warware matsattsen sauti na Dolby ma yana ƙara nasa lokacin.

Bayan ka rage abin da zai ragu, sai awo. Kusan kowane wasan kiɗa yana da sashen daidaita lokaci, ana kiransa offset ko calibration, kuma yawancin mutane tsallake shi suke yi don ɗokin fara wasa. Ga yadda nake yi wa duk wanda ya kawo min kayansa. Da farko a zauna inda za a riƙa zama kullum, da hedifon ɗin da za a yi wasan da shi, a kashe duk wani ƙarin armashi na sauti, irin su sautin kewaye da ƙarin amo. Sai a auna kunne shi kaɗai: ka rufe idonka, ka bi ƙwanƙwasar da wasan ke yi maka, ka danna tare da ita. Kada ka jira ka ji sannan ka danna, wannan saurin martaninka kake aunawa ba jinkirin kaya ba. Ka bari bugun ya shiga jikinka tukuna, ka gyaɗa kai sau bakwai ko takwas, sannan ka fara. Ka rubuta lambar da ta fito. Ka maimaita sau uku, ka tara ka raba uku. Idan ɗaya ta yi nesa da sauran sosai, jefar da ita ka sake.

Daga nan a auna ido shi kaɗai, idan wasan ya raba su biyu kamar yadda wasan Rock Band ya yi: ka kashe sauti gaba ɗaya, ka danna lokacin da alama ta taɓa layi. Ita ma sau uku. Sannan ka zaɓi kiɗa mai sauƙi, wanda ka haddace, ka buga, ka dubi abin da wasan ke cewa game da kuskurenka. A osu! akwai ɗan ma'auni a ƙasan allo da ke nuna ko gaba kake faɗawa ko baya. Wasu wasannin kan rubuta maka early ko late, wato ka yi gaggawa ko ka makara. Idan kuskuren ya karkata gefe guda, matsa lambar da milisakan 5, ka sake bugawa. Kada ka yi tsalle da 30 ko 40 a wannan mataki, za ka wuce wurin. Wasanni sun sha bamban kan ma'anar ƙari da ragi, wani idan ka ƙara lamba kiɗan ne ke matsowa, wani alamun ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙara 20 da gangan sau ɗaya, ka ga ɓangaren da kuskurenka ya koma, daga nan ka san alƙiblarka.

Wannan awon shi ne kuma hanyar sanin ainihin jinkirin kowane hedifon ba tare da wata na'ura ba. Ka auna da mai igiya, ka auna da marar igiya, bambancin lambobin biyu shi ne abin da marar igiyar ke ci.

Sai dai akwai abin da awo ba zai gyara ba, kuma ina so a fahimci wannan sosai. Awo yana matsar da kiɗan da aka riga aka ɗauka, domin wasan ya san shi tun farko. Amma ƙarar da dannawarka ke haifarwa, kamar amon ganga a Taiko no Tatsujin ko sautin maɓallai a Beatmania, ba ta wanzu ba sai ka danna. Da Bluetooth, za ka buga daidai, wasan ya ba ka maki, amma kunnenka ya ji bugunka a makare. Hannu kuma kunne yake bi, sai ya fara gaggawa don ya cike giɓin, nan da nan lissafi ya watse. Idan dole sai da Bluetooth za ka yi wasa, kashe ƙarar dannawa gaba ɗaya daga saiti. Abu na biyu, jinkirin Bluetooth yakan ɗan sauya duk lokacin da ka cire ka sake haɗawa, don haka awon jiya ba lallai ya yi maka aiki yau ba.

Shi ma mai makalin USB yana da nasa laulayin. Mafi yawan ƙorafin da ake kawo min shi ne sauti yana ƙaƙƙatsewa. Abu na farko da nake dubawa shi ne ramin da aka soka shi. Ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki, suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4 GHz, musamman idan akwai filas ko hadis (hard disk) da ke aiki a ramin kusa. Mayar da makalin ramin USB 2.0, ko ka sa masa igiyar ƙari mai tsawon rabin mita zuwa mita guda, ka fito da shi gaba inda zai hangi kanka. Kada ka bar shi a bayan kwamfuta ko cikin durowar ƙarfe. Idan akwai na'urar Wi-Fi kusa, nisanta ta, ko ka mayar da kayanka kan zangon 5 GHz idan tana da shi. A kwamfuta kuma, idan kana amfani da Bluetooth sai sauti ya koma kamar na rediyon da batirinsa ya yi sanyi, makirfo ne ya buɗe. Da zarar ya buɗe, hedifon yana barin tsarin kiɗa ya koma tsarin kiran waya, wanda ba ya raba sautin dama da hagu. Rufe manhajar hirar da ta buɗe shi, ko ka zaɓi wani makirfon.

Masu wasa a wayar hannu su ne suka fi yawa a cikinmu. Idan wayarka ba ta da ramin iyafis, sayi ɗan mahaɗi daga USB-C zuwa milimita 3.5, amma ka tabbatar mai guntun sarrafa sauti ne a ciki, domin wayoyi da yawa ba sa aiki da wanda babu komai cikinsa sai zare. Kada ka yi wasa waya tana caji da cajar da ba ta da inganci: allon zai riƙa taɓa kansa, ko ya ƙi jin yatsanka. Zafi ma abokin gaba ne. A watan Afrilu, lokacin da Kano kan haura digiri 40, waya tana ɗaukar zafi ta rage wa kanta gudu, hoto ya fara sarƙewa. Cire mata riga, rage hasken allo, ka zauna inda fanka ke kaɗawa. Gumi yana sa yatsa ya manne, hunturu kuma yana busar da shi har allo ya daina ji sosai. Safar yatsa irin ta masu buga PUBG tana maganin duka biyun. Masu laftof su sani cewa da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, takan rage ƙarfi, sai an shiga saitin wuta an ce mata ta ci gaba da cikakken aiki. Idan kuma kana jin wani gurnani a hedifon mai igiya lokacin da inji ke aiki, zare cajar laftof ɗin ka saurara. Idan ya ɗauke, daga wutar yake, ba daga hedifon ba.

Hedifon marar igiya batirinsa ne ke fara mutuwa. Batirin lithium ne mai bolt 3.7, yana cika a 4.2, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne zafi tare da zama a cike. Kada a bar shi cikin mota da rana, kada a kwana ana cajinsa kullum, kada kuma a bari ya mutu murus ya yi watanni a haka. Idan za ka ajiye shi na tsawon lokaci, bar shi a wajen rabi. Akwai masu araha da ke ƙin caji da igiya mai USB-C a baki biyu, saboda ba a saka wasu ƙananan sassa biyu ba lokacin haɗa shi. Ba lalacewa ya yi ba, gwada igiya mai babban baki a gefe guda, da caja mai bolt 5. Idan batirin ya gaji, ana canzawa. Cire soson kunnen, a ƙarƙashinsa za ka ga ƙananan sukurori. Lambar da ke jikin batirin girmansa take faɗa: 603040 na nufin kaurin milimita 6, faɗin 30, tsawon 40. Ka nemi mai girman da zai shiga, mai bolt iri ɗaya, mai ɗan allon kariya a kansa. Idan tsohon zare uku ne da shi, na ukun na auna zafi ne, sabon ma ya zama mai uku. Ka ɗauki hoton yadda jan zare da baƙin zare suke kafin ka cire, ka liƙa su da dalma ɗaya bayan ɗaya don kada su haɗu. Batirin da ya kumbura ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a sake cajinsa. Wanda bai saba da dalma ba ya kai wa mai gyaran waya, aikin ba ya ɗaukar lokaci.

Soson kunne mai rufin fatar roba ba ya jure guminmu, yana ɓarewa ya bar baƙin gari a kunne da kafaɗa. Goge shi da ƙyalle mai ɗan laima bayan wasa, ba da turare ko sinadarin wanke hannu ba. Idan ya ɓare, sayi na yadi, ka auna tsawo da faɗin tsohon da milimita kafin ka tafi kasuwa. Na yadin ya fi sanyi, sai dai yana rage amon ƙasa kaɗan kuma yana barin hayaniyar waje ta shigo.

Wannan hayaniyar ce ke kai ni ga abin da ya fi damuna da ƙannenmu. Inji yana ruri a tsakar gida, yaro yana son ya ji bugun sosai, sai ya ƙure ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. A desibel 90 awa 4 ne kacal a mako, a 100 kuwa minti 20. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Idan ka cire hedifon kana jin kunnenka yana ƙugi, ko maganar mutane ta yi maka nisa, ka wuce iyaka. Ni nakan tsaya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na ƙara, in cire shi bayan kowace awa in huta. Hedifon mai rufe kunne ruf ya fi, domin ba sai ka yi gasa da inji ba. Amma shi ɗin ne kuma ke hana ka jin kiran salla da kiran mahaifiya, don haka nakan saita ƙararrawa a wayar da ke gabana, inda zan ga haskenta.

Idan za ka sayi hedifon don wannan wasa, tafi da wayarka da wasan a ciki, ka roƙi mai shago ya bari ka gwada. Ka tabbatar makalin USB ɗin yana cikin kwalin, domin a yawancinsu idan ya ɓata ba kowane ne zai maye gurbinsa ba. Ka duba ko yana da ramin milimita 3.5 na ko-ta-kwana, ranar da batir ya mutu igiya za ta cece ka. Ka kunna sashen awo a nan gaban mai shagon, ka gwada da iyafis ɗinka mai igiya, ka gwada da nasa. Idan bambancin bai wuce milisakan 30 ba, kana iya biya. Idan ya haura 100, wannan na sauraro ne, ka nemi wani.